Neman Tsoho a Kasuwar Kantamanto

Litinin

Biki ya watse jiya da daddare. Baƙin Kumasi da na Tamale sun kama hanya tun da sassafe, gidan Kawu a Nima ya koma shiru, ban da ƙarar tukwanen da ake wankewa a tsakar gida. Jirgina sai Lahadi. Kawu ya ce in kwanta in huce gajiya, na ce masa ai gajiyata a kasuwa take hucewa. Bai yi mamaki ba. Ya san a gindin keken ɗinki na tashi, kuma ɗan tela ba ya ganin riga ya wuce bai juya cikinta ya duba ɗinki ba.

Ya haɗa ni da autansa, ɗan jami'a, haifaffen Akra, mai jin Hausa da Turanci da Tuwi, har da Ga na ciniki. Muka hau trotro, motar hayarsu ta cikin gari, muka sauka daf da tsohuwar tashar jirgin ƙasa. A filin hukumar jirgin ƙasan ne Kantamanto ta yaɗu, ba nisa da kasuwar Makola.

Katako na fara lura da shi kafin tufafi. Sabo ne, bai yi duhu ba, kwanon rufin ma yana ƙyalli. A daren 1 ga Janairun 2025, wayewar 2 ga wata, wuta ta cinye fiye da rabin kasuwar, kuma ba ita ce gobarar farko ba, an yi wata babba a 2013. Auta ya ce toka ba ta gama hucewa ba mutane suka dawo suna auna wurarensu da igiya, don wanda ke zaune a filin da ba nasa ba ya san in ya yi jinkiri wani zai tashi da shawara a kansa.

Ana ƙiyasta mutum 30,000 ne ke cin abinci a nan. Tufafi kusan miliyan 15 ke shigowa Gana duk mako, a ƙasar da ƙidayar 2021 ta ba ta mutum miliyan 30.8. Wanda ya san layin 'yan gwanjo na Ƙofar Wambai zai gane warin nan da nan, warin kafur da danshi na kayan da suka daɗe a matse, amma girman ba ɗaya ba ne. Layin labule daban, na zanen gado daban, na wandon jins, na kwat, na jakunkuna, na takalma, na kayan jarirai. Lungunan ba sa ɗaukar mutum biyu kafaɗa da kafaɗa, ƙasa kuwa taushi gare ta, don a kan tsummokaran da aka tattake ake tafiya.

Na tambayi kuɗin wani bel na fata, matar ta ce dubu ɗari biyar. Na ajiye mata kayanta a hankali. Auta ya sheƙe da dariya: sidi 50 take nufi. Tun 2007 aka yanke sifiri huɗu daga kuɗin Gana, amma har yau manyan matan kasuwa da tsohon lissafi suke ƙirga, sidi 100 shi ne miliyan ɗaya a bakinsu.

"Yaya, kada ka sayi komai yau," in ji shi. "Wannan duk ragowar Asabar ne. Laraba ake fasa dila."

Talata

Hajiyar Kawu tana da wata tsohuwar abokiyar ciniki, Ba'asantiya mai sayar da rigunan maza, wurinta take ɗaukar wa yara kayan makaranta tun suna ƙanana. Ta kira ta a waya, ta ce ga ɗanta daga Kano. Da muka je na gaishe ta da Maame, yadda ake kiran mace babba a nan, ita kuwa ta kira ni Alhaji, don a kudancin Gana duk mai kaftani da hula Alhaji ne. Ta share mini bakin benci, ta aika aka kawo ruwan leda.

Yau babu cunkoso, sai ta sami sararin yi mini bayanin hanyar da riga ke bi kafin ta iso hannunta, Auta yana fassarawa. Wani a Ingila ko Kanada ya gaji da rigarsa, ya kai ta shagon sadaka. Shagon ya rataye abin da zai iya sayarwa, ragowar, wadda ita ce mafi yawa, ya sayar wa kamfanonin tantancewa da kilo. Su ne ke warewa iri-iri, su matse da inji, su naɗe da leda, su ɗaure. Dila ɗaya kilo 55. Daga nan sai kwantena, sai jirgin ruwa, sai tashar Tema, sai shagunan masu shigo da kaya da ke kewaye da kasuwar. A 2021 Gana ta shigo da gwanjo na dala miliyan 214, babu ƙasar da ta kai ta a duniya a shekarar.

Duk wanda ke cikin wannan jerin ya san abin da zai samu, sai mutum ɗaya. Mai shagon sadaka kyauta ya samu. Mai tantancewa ya gani da idonsa, shi ya zaɓi abin da zai cusa. Mai kwantena ya sayar da dila a rufe, ya karɓi kuɗinsa. Maame ce kaɗai ke biya ba ta san abin da za ta samu ba. Abin da ke jikin ledar bai wuce sunan ƙasa da irin kaya ba, kuma in an yanke ɗauri magana ta ƙare, ba a mayarwa. Cinikin biri a sama ke nan, sau biyu a mako, kuma yawanci da kuɗin bashi.

Na tambaye ta me ya sa ba za ta sauya dillali ba in kaya suka yi ta zuwa da lalata. Ta ɗaga kafaɗa. Ta ce shi ma dillalin bai buɗe ba, kuma shi ne ke ɗaga mata ƙafa in mako ya yi tsami.

A cikin ragowar kayanta na ga wata riga da 'yar takardar shagon sadaka maƙale a hannu, an rubuta fam 4, an soke, an mai da shi fam 2. An gwada ta a can, an yi ragi, ba wanda ya taya, sannan aka auno ta nan.

Laraba

Mun yi asuba a masallacin unguwa, muka sha koko da ƙosai a tsaye, muka isa kasuwa gari bai gama wayewa ba. Ashe mu ne muka makara. Lungunan sun cika da diloli a kan mutane, ko'ina kana jin "Agoo! Agoo!", kiran neman hanya, kuma in ka ji shi gara ka manne da katako, don mai ɗauke da kilo 55 ba ta iya birki.

Dilar Maame tana gabanta, 'yar Ingila, rigunan maza. Ta ɗora tafin hannu a kai, ta rufe ido, ta yi addu'arta ta Kirista. Maƙwabciyarta Musulma ce daga Yendi, ita ma na ga leɓunanta suna motsi a kan tata. Wani yaro ya sa wuƙa ya yanke ɗauri, dilar ta kumbura ta baje.

Mutum wajen goma ne suka kewaye ta, kuma akwai tsari ko da ba a faɗa ba: tsofaffin abokan ciniki su ke gaba. Tana zaro riga, ta karkaɗe, ta dubi wuya, ta dubi hammata, ta jefa. Daƙiƙa biyu ta ishe ta yanke hukunci. Wadda ba ta da aibi, zaɓin farko, ba ta kaiwa ƙasa, a iska ake cafke ta. Zaɓi na biyu, an sa amma da sauran rai, tana tarawa a cinyarta. Na uku sai an kai wa tela ko marini. Sannan akwai tulin da ke bayanta, wanda ba ta ko waiwaya: mai tabon da ba ya fita, mai yagar da ba ta ɗinkuwa, mai rimar da ta ci zare.

Riga wajen 200 ke cikin dilar. Zaɓin farko bai kai 30 ba. Ni da ba kuɗina ba sai da na ji cikina ya ɗuri ruwa, don lissafin a bayyane yake: waɗannan 'yan ƙalilan ne za su mayar da mafi yawan uwar kuɗi kafin hantsi, sauran kuma a yi ta fama da su har Asabar, farashi yana sauka kullum. Fuskarta ba ta nuna komai ba. Ta ɗaure kuɗin farko a bakin zane, ta ci gaba.

Waɗanda suka fi burge ni samari ne masu jakar goyo, ba su wuce sa'annin Auta ba. Ba riga mai kyau suke nema ba, tsohuwa suke nema. Su wanke, su goge, su ɗauki hoto a jikin bango mai fenti, su sa a Instagram, ko su kai shagunan Osu inda farashi ke ninkawa. Ilminsu ba wasa ba ne. Ɗaya ya nuna mini kalmasar wata tishat: layin ɗinki ɗaya, alamar an yi ta kafin tsakiyar shekarun 1990, lokacin da masana'antu suka koma layi biyu. Ya ce in wandon Levi's ne, jan ƙyallen aljihun baya ake dubawa, in harafin E babba ne to wandon ya girmi 1971. In tambarin wuya ya ce Jamus ta Yamma, an ɗinka kafin ƙarshen 1990, don daga shekarar babu ƙasa mai wannan suna. Yaron bai taɓa fita Gana ba, amma yana karanta shekarun tufafin Turai daga zif da maɓalli. Mahaifina da ya gan shi da ya ba shi kujera.

Abin da na fahimta yau ya saɓa wa yadda muke ɗaukar gwanjo. Mu a wurinmu gwanjo tsohon kaya ne mai ƙarko, wanda ya ga jiya ya ga yau bai sare ba. Shi ya sa iyayenmu ke cewa gwanjon Ingila ya fi sabon kanti. Tulin da ke bayan Maame kuwa ba tsufa ne ya kashe shi ba. Sababbi ne. Yadin roba sirara da kana hango tafin hannunka ta ciki, ɗinkin da zare ke zarewa in ka ja, rigunan manyan shagunan nan masu fitar da sabon yayi duk mako. Akwai kuma waɗanda aka buga don yini ɗaya tak: tseren tara kuɗi na wani ƙauye, walimar abokan ango, taron shekara na wani kamfani, da sunan wurin da kwanan wata ɓaro-ɓaro a ƙirji. Wa zai saya? Tsohon kaya na gaske shi ne ya zama abin nema, ana samun ɗaya ko biyu a dila, ana rububinsa. Maame ta ce lokacin da ta karɓi rumfar daga hannun uwarta, rabin dila zaɓin farko ne.

Na samu rabona a zaɓi na biyu, inda samarin ba su tsaya ba. Farar riga mai siririn layi shuɗi, auduga zalla, mai nauyi a hannu, tambarin St Michael a wuya. Marks & Spencer sun daina amfani da wannan sunan a 2000, don haka rigar ta haura shekara 20 ko ta halin ƙaƙa, amma maɓallanta cif, ɗinkin gefe a kalmashe ciki da waje. Ta ce sidi 40. Ban taya ba. Auta ya harare ni, wai na zubar masa da mutunci a kasuwa. Bayan abin da na gani da safen nan, bakina bai iya neman ragi a wurinta ba.

Alhamis

Yau na shiga bayan kasuwa, inda ake yi wa zaɓi na uku magani, kuma nan ne na fi daɗewa. Teloli a jere, kekunan ƙafa da na lantarki, ba mai ɗaga kai. Wani yana rage ƙaton wando na Ba'amurke ya dawo daidai ƙugun ɗan Akra. Wani yana yanka manyan tishat yana fitar da gajerun wanduna na yara, uku daga riga ɗaya. Wata tana cire wuyan riga da ya cinye, ta juya shi, ta mayar, dabarar da na ɗauka ta tafi da tsarar mahaifina. Gaba kaɗan marina ne da gangunansu, suna tsoma koɗaɗɗen jins a baƙi ko shuɗi, hannuwansu sun rine har gwiwa. Sai masu guga da dutsen gawayi da sitaci. Rigar da na ga an jefar jiya tana iya komawa kan hanga gobe, mai saye bai san ta ratsa hannu huɗu ba. Ana yawan zancen Kantamanto a matsayin wurin da Turai ke zubar da shara. Ba a cika faɗin cewa babu inda ake ceto tufafi da yawa haka ba, kuma ba da tallafin kowa ba.

A nan na zauna kusa da wasu 'yan matan dako, waɗanda ake kira kayayei, suna hutawa a cikin manyan kwanoninsu na silba. Daga arewacin Gana suke, Dagomba da Mamprusi mafi yawa, da dama ba su kai shekara 20 ba, wasu da goyo. Yawancinsu a Old Fadama suke kwana, ɗaki ɗaya mutum da yawa. Lungunan kasuwar sun yi wa baro ƙunci, don haka duk dilar da ta shiga, a kan wuyan ɗayansu ta shiga. Ɗaya ta gane Hausata, ta gaishe ni da "Baba, sannu." Na tambaye ta wuya, ta ce da dare ne yake tashi. Ladan ɗauka ɗaya bai fi kuɗin kwanon waakye ba, shinkafa da waken da suke ci da rana. Na lura ba ta juya kai in za ta dubi gefe, duk jikinta take juyawa.

Da la'asar na je layin kwat. Wannan shi ne wurin da baƙo daga arewa ke da sa'a, don zafin Akra da danshinta ba sa barin kowa ya sa ulu. Masu saye sai fataken Tamale da Bolgatanga da Burkina da Nijar, sai 'yan acaɓa masu fita da asuba. Mai rumfar Bazabarme ne, Hausarsa garau, muka gaisa har da tambayar damina.

A can ƙarshen igiya na hango ta. Kwat mai ruwan ƙasa da ɗigon kore, kaushi a hannu, nauyi a kafaɗa. Na juya ciki, ga tambarin Harris Tweed, ƙwallo da ɗan gicciye a kansa. Wannan yadin doka ce ke tsare shi: dokar majalisar Birtaniya ta 1993 ta ce ba a kiran yadi da wannan suna sai in mutanen tsibiran Hebrides na waje, a Sikotilan, sun saƙa shi da hannu a gidajensu, da ulun da aka rina aka kaɗa a can. Shafin ya yage a hammata ɗaya, asu bai taɓa ta ba. Na mayar da ita, na ɗauki wata ta roba ina jujjuyawa, don kada ido ya tona ni.

"Malam, ajiye wannan," in ji shi. "Waccan ka zo saya, na ga hannunka a kanta."

Na ce to nawa. Ya ce in taya. Na ce sidi 80. Ya ce albarka. Na nuna masa yagar shafi, ya nuna mini maɓallan fata. Na ce wata nawa tana rataye ba wanda ya tambaya, ya ce ai jiran mai ita take yi. Na yi kamar zan tafi, bai kira ni ba, na dawo da kaina. A 150 ya sallama, ya yi mini gyara da wani mayafin wuya. Telan bayan kasuwa ya sake shafin hammata a sidi 15, ya tambaya ko ya cire tambarin saboda salla. Na ce ya bar shi, a ciki yake.

Takalmi ban dace ba. Na sami ɗaya ɗan Ingila mai ɗinkakken ƙasa, irin wanda baduku zai iya sauya wa ƙasa sau da yawa, amma ya matse ni. Mai shi ya rantse zai buɗe. Takalmin da ya shekara a ƙafar wani ya riga ya gama buɗewa.

Juma'a

Mun yi salla a babban masallacin ƙasa da ke Kanda, mai hasumiya huɗu, ginin Turkawa, wanda aka buɗe a 2021. Daga nan Kawu ya ce tunda tsoho nake nema, bari ya kai ni wurin masu shi. Muka gangara kasuwar kayan gargajiya ta bakin teku, kusa da makwancin Kwame Nkrumah.

Can ciki, bayan masu ganguna da zanen kente, akwai rumfunan Hausawa dillalan kayan tarihi. Sana'a ce tsohuwa a hannun mutanenmu, daga nan har Abijan da Lome, kuma hanyoyin da kakanni suka bi da goro su ne jikoki suka bi da gumaka da duwatsun wuya. Wani dattijo abokin Kawu ya shimfiɗa mana buzu. Ya zazzage mini 'yan mutum-mutumin tagulla da Asantawa ke auna garin zinariya da su kafin a daina wajen 1900, da tsakiyoyin gilashi na Banis da Turawa suka yi ta shigowa da su gaɓar nan.

Na ɗauki wani abin awo mai siffar kada, ya yi baƙi, ya yi tsanwa a lunguna. Dattijon ya karɓe daga hannuna.

"Ɗan Alhaji, wannan ba naka ba ne. Na baƙi ne. Watan jiya aka zuba shi a Kumasi."

Ya bayyana mini ba tare da jin kunya ba: a binne a ƙasa mai danshi, a turara da hayaƙi, a shafa ruwan goro ko man takalmi. Bature yana son tsoho, tsohon kuma ya ƙare, yana gidajen tarihin ƙasarsu. To me za a sayar masa? Na gaske ana gane shi daga gogewar gefuna, inda yatsu suka cinye shi a hankali, kuma ramin tsohuwar tsakiya ba ya zama da'ira sosai, zare ya ci gefe ɗaya. Tsakanin rumfarsa da masu gugar Kantamanto tafiyar ƙafa ce kaɗan: can ana wahalar mai da tsoho sabo, nan ana wahalar mai da sabo tsoho.

Na sayi tsakiya uku na gaske don uwargida, da wani dogon zare na duwatsun Krobo, waɗanda ake yi da garin fasassun kwalabe, ba wanda ya ce mini tsofaffi ne. Na tambayi faifan garmaho na makaɗin Gana E.T. Mensah, aka ce masu tarawa daga Turai da Japan sun daɗe da kwashe masu kyau. Wanda aka nuna mini ya karce har ba ya ƙyalli.

Asabar

Na leƙa Maame da sassafe. Dilar yau ta fi ta Laraba, ta ce ta rufe ramin waccan, saura kuɗin rumfa. Tulin bayanta dai yana nan, an cusa shi a buhuna. Na tambaya ina za a kai, ta nuna yamma da haɓa.

Muka bi. Abin da motocin shara suka iya ɗauka suna ɗauka, amma birnin ba shi da wurin zubawa da ya isa. Babban jujin Kpone da aka buɗe a 2013 ya cika tun kafin lokacin da aka yi masa tsammani, ya kama wuta a 2019. Ragowar sai kwatoci da bakin kogin Odaw. A gefen Old Fadama, inda 'yan matan dakon ke kwana, akwai tudun shara da ya fi gidajen kewaye tsawo, shanu suna kiwo a samansa. Ruwan sama yana wanke shi zuwa tafkin Korle, tafkin ya miƙa wa teku.

A bakin tekun Jamestown, ƙasan hasumiyar jiragen ruwa mai ja da fari, na ga inda suke ƙarewa. Igiyar ruwa tana nannaɗe tufafin da juna, hannun riga ya sarƙe da ƙafar wando, har su zama wata doguwar igiya mai kauri, rabi a binne a yashi. Na ja wani hannun riga, ko motsi bai yi ba. Masunta suna gyaran taru a gefe, ɗaya ya ce wani lokaci nauyi zai sa su yi murna, su jawo, su tarar da tsumma.

Nawa ne ke zama shara, a nan ake jayayya. Gidauniyar Or, mai aiki a cikin kasuwar, ta ce kusan kashi 40 cikin 100 na abin da ke cikin dila yana fita a matsayin shara. Ƙungiyar dillalan gwanjo ta Gana ta fitar da nata rahoto a 2024, ta ce kashi 5 ne. Dillalan suna tsoron kada a fake da zancen shara a rufe musu sana'a, kuma tsoron nasu yana da tushe. Ni dai tulin da na gani ranar Laraba ya fi kashi 5 nesa ba kusa ba.

A trotro Auta ya ce shi a ganinsa a hana shigowa da gwanjo kawai, kowa ya huta. Na ce masa mu a Najeriya yana cikin jerin kayan da aka haramta shigowa da su, amma bai hana Ƙofar Wambai cika ba, sai dai ya biyo ta Kwatano, ya ƙara tsada. Ƙasashen gabashin Afirka sun yi shirin hanawa a 2016, Amurka ta yi barazanar janye musu rangwamen haraji, Kenya da Tanzaniya da Yuganda suka ja baya, Ruwanda ta tsaya, aka dakatar da rangwamen tufafinta a 2018. Kuma ko an hana, masaƙun Tema da Akosombo ba za su farfaɗo gobe ba. Sabon yadin roba mai araha ne zai cike gurbin, irin wanda ke cikin buhunan Maame, sai dai wannan karon ba telan da zai ci abinci a kansa. Abin da na fi ganin adalcinsa shi ne a daina sayar da dila a rufe ba a san me ke ciki ba, kuma kamfanin da ya ɗinka riga ya biya kuɗin binne ta a duk inda ta mutu. Faransa tana karɓar irin wannan kuɗin daga kamfanonin tufafi, amma a can yake tsayawa, rigar kuwa tana nan Jamestown.

Bai gamsu ba. Ya ce tsararsa sun gaji da sa abin da wani ya cire. Ya faɗi haka yana sanye da rigar ƙwallon da ya tsinta ranar Laraba, wadda ya yi ta yi mini alfahari da ita.

Lahadi

Kasuwa yau ta masu coci ce, yawancin rumfuna a rufe. Hajiya ta sa an wanke kayan da ruwan zafi, an shanya, an goge, ban da kwat ɗin da na hana a jiƙa.

Kawu ya ga farar rigar a kan igiya, ya ɗauka ya duba wuya. Ya ce irinta ya saya a kantin Kingsway da albashinsa na farko, ya sa ta ranar da ya je gaishe da iyayen Hajiya. Ya gwada, ta zauna masa kamar an auna. Ya ce, "Ɗana, Allah ya yi maka albarka," ya shige ɗaki da ita. Ba a ƙwace riga a jikin kawu.

Hajiya kuma ta cika mini jaka da shito, miyar barkonon Gana, da garin rogo da man kaɗanya na rabo, muka ɗora a sikelinta na awon shinkafa, ya haura kilo 23 na jirgi da kusan biyu. Ba abin da ta yarda a cire. Haka na shiga motar filin jirgi da tsakar rana, a zafin Akra, sanye da kwat ta ulu a kan kaftani, mayafin Bazabarme a aljihu, direba yana ta leƙena ta madubi yana tambayar Auta ko baƙon nasu ba shi da lafiya.